Hoton Kogi Har Dala Miliyan Huɗu: Fasaha Ce Ko Wasa Da Hankali?

Tambaya: "Malam, sana'ata ɗaukar hoton biki da na fasfo. Na ga hoton wani Bajamushe, Andreas Gursky, kogi ne kawai da ciyawa da sama, ba mutum ba jirgi, wai an sayar da shi sama da dala miliyan huɗu. Wallahi da wayata zan ɗauki wanda ya fi shi. Wannan fasaha ce, ko masu kuɗi ne ke wasa da hankalin mutane?"

Ƙanena, abu biyu ka ɗaure da igiya ɗaya. Maganar kuɗin daban, maganar hoton daban. Bari mu kwance su, mu fara da hoton, don shi ne mai doguwar magana.

Sunansa Rhein II, Gursky ya gama shi a 1999. A watan Nuwamba na 2011 aka yi gwanjonsa a kamfanin gwanjo na Christie's da ke New York a kan dala 4,338,500, ya zama hoto mafi tsada da aka taɓa sayarwa a gwanjo zuwa wannan lokacin. Abin da ke cikinsa kuwa yadda ka faɗa ne. Sama mai ruwan toka ta cinye rabin hoton, ƙarƙashinta siririn layin ciyawar wancan ƙetaren, sai ruwan kogin, sai ciyawar wannan gaɓar, sai 'yar hanya mai kwalta, sai ciyawa kuma. Duk a kwance, kamar ratsin zanen saƙi.

Amma wayarka ta ɓoye maka abu biyu. Na farko girma. Faɗin hoton da katakonsa ya haura mita uku da rabi, tsayinsa ya ɗan haura mita biyu. Idan ka tsaya gabansa idonka ba ya ganin gefensa sai ka juya kai, kuma in ka matsa kusa za ka iya bin ƙananan igiyoyin ruwan ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya gan shi a waya kamar wanda aka nuna wa raƙumi ne a jikin akwatin ashana, aka ce ya faɗi kuɗinsa.

Na biyu shi ne ya rushe maganar da ka yi ta ɗaukar wanda ya fi shi. Ko yau ka sauka Düsseldorf, birnin Jamus da ke bakin kogin Rhein ɗin da ke cikin hoton, ka tsaya daidai inda Gursky ya tsaya, ba za ka sami wannan hoton ba, domin wurin ba haka yake ba. A ƙetaren kogin akwai ginin masana'anta, a kan hanyar akwai masu yawo da karnukansu. Ya zauna gaban kwamfuta ya share su duka. Shi da bakinsa ya ce ba a samun wannan kallon a wurin, sai da ya ƙaga shi kafin ya sami sahihin kamannin kogin zamani, wato kogin da injiniyoyi suka miƙar, suka yi wa gaɓa da ma'auni. Ka ga ke nan ɗaukarsa aka yi, sannan aka gina shi. Kana iya cewa ginin bai burge ka ba, wannan hakkinka ne. Amma ba mutum ne ya wuce ya latsa kyamara da ka ba.

Don ka gane dalilin da zai sa mutum ya yi wannan wahalar don ya fito da abin da ya yi kama da banza, sai mun koma wajen malamansa, mata da miji, Hilla da Bernd Becher. A ganina su ne labarin, Gursky reshe ne.

An haifi Bernd a 1931 a Siegen, yankin da aka daɗe ana haƙar tama da narkar da ƙarfe. Mai zane ne tun farko, yana zama gaban mahaƙai yana zana su. Sai dai ya zo a lokacin da ake rufe su ɗaya bayan ɗaya, kuma masu rushewa sun fi alƙalaminsa sauri: kafin ya gama zanen gini an kwashe rabinsa. Dole ta sa ya ɗauki kyamara. Ita Hilla, an haife ta a 1934 a Potsdam, ita ce ta koyi ɗaukar hoto a matsayin sana'a tun tana budurwa, kafin ta tsallako daga Jamus ta Gabas. Sun haɗu a Düsseldorf a 1957, suka fara aiki tare a 1959, suka yi aure a 1961. Daga nan har rasuwar Bernd a 2007 abu ɗaya suke yi, shekara kusan hamsin: hoton tankunan ruwa, tanderun narkar da ƙarfe, hasumiyar da ke jawo kwal daga ramin mahaƙa, tankunan gas, manyan rumbunan hatsi, da gidajen ma'aikata. Suna yawo cikin motarsu ƙirar Volkswagen da tsani da kayan aiki, daga Ruhr, yankin mahaƙan kwal na Jamus, zuwa Beljiyam, Faransa, Birtaniya, har Amurka.

Sai ka ji ƙa'idojin da suka gindaya wa kansu, kai da ka san aikin za ka fi kowa jin nauyinsu. Baƙi da fari kawai. Babbar kyamara irin ta dā, mai fim ɗin da ya kai santimita 13 da 18, a kan ƙafa uku. Ba sa ɗauka idan rana ta fito, sai ranar da gajimare ya rufe sama ruf, don kada inuwa ta ci wani sashe na ginin, kuma sama ta zama fara fes kamar labulen situdiyo. Shi ya sa suka fi fita da sassafe, a watannin da ba zafi ba ƙanƙara. Ba sa ɗauka daga ƙasa suna ɗaga kai, sai sun hau tsani ko wani gini sun daidaita da tsakiyar abin, don kada layukansa su karkace. Ginin yana tsakiya, gaba da gaba, ya cika hoton daidai yadda ɗan'uwansa ya cika nasa. Ba mutum, ba tsuntsu, ba faɗuwar rana. Duk abin da ni da kai muke nema don hoto ya yi armashi, su korarsa suke yi. Wani lokacin su yi kwanaki suna jiran izinin shiga ma'aikata, in sun samu kuma su zauna jiran gajimare.

Me aka samu da wannan? A hoto ɗaya, ba a sami wani abu ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Asirin yana wurin jerawa: su ɗauki tara, ko goma sha biyu, ko goma sha biyar, su jera a bango sahu-sahu kamar gidan dara.

Ranar da na fara tsayawa gaban irin wannan jerin, a wani gidan adana kayan fasaha a Jamus, na ɗauka tankin ruwa ɗaya ne aka wanke sau tara. Na kusa wucewa. Abin da ya tsayar da ni shi ne na lura na tsakiya yana da 'yan tagogi kamar gidan mutum. Na dubi na kusa da shi, shi kuma kan naman kaza gare shi, siririn wuya da faffaɗan kai. Na ƙasa ƙwallo ne a kan ƙafafun ƙarfe. Wani an yi masa ado da jan bulo kamar hasumiyar fadar sarki, alhali aikinsa bai wuce na sauran ba, ya riƙe ruwa a sama ya sake shi da ƙarfi. Kafin in ankara na yi fiye da rabin awa ina kai da kawo da ido. Da an ɗauki ɗaya da rana ɗaya da hadari, ɗaya daga nesa ɗaya daga kusa, da bambancin da zan gani na mai kyamara ne. Da yake sun daidaita komai, bambancin da ya rage na tankunan ne kansu. A nan ne za ka ga Bafaranshe ba ya iya barin gini ba ado ko da na mahaƙa ne, ka ga ƙananan mahaƙan Pennsylvania da talakawa suka harhaɗa da ragowar katako, ka ga tankunan katako da ke zaune a kan rufin benayen New York. Mai hoton ya janye kansa gefe don abin ya yi magana.

Su da kansu sun kira waɗannan gine-gine sassaƙa marasa suna, domin ba wanda ya san injiniyan da ya tsara su, kuma ba don kyau aka yi su ba. Duniyar fasaha ta ɗauki maganar da gaske har ta wuce inda ake zato: a babban baje kolin Venice na 1990 an ba su lambar zinariya, kuma a rukunin sassaƙa aka ba su, mutanen da ba su taɓa riƙe gizago ba. Kafin nan, a 1975, su kaɗai ne ba Amurkawa ba a cikin wani nunin hotuna da aka yi a Rochester mai suna New Topographics, wanda ya sauya yadda ake ɗaukar hoton ƙasa da gari.

Kada kuma ka ɗauka aikin na masu kallon bango ne kawai. Yawancin abin da suka ɗauka yau babu shi. Kasuwar kwal ta Ruhr ta fara karyewa tun 1958, mahaƙar kwal ta ƙarshe a yankin, Prosper-Haniel da ke Bottrop, ta rufe a Disambar 2018. Hotunansu na cikin abin da ya taimaka aka fasa rushe zauren injina na mahaƙar Zollern a Dortmund a ƙarshen shekarun 1960, kuma daga irin wannan fafutuka ce Jamusawa suka fara kallon tsohuwar ma'aikata a matsayin abin tarihi. Mahaƙar Zollverein ta Essen, wadda ta rufe a 1986, tun 2001 tana cikin jerin wuraren tarihi na UNESCO.

Yanzu za ka ce, to me ya sa Jamusawa musamman suke son hoto mai sanyi haka, ba murmushi ba motsi? Ruwa ba ya tsami banza. Akwai gado, akwai kuma tabo.

Gadon na August Sander ne, wanda aka haifa a 1876 a Herdorf, kusa da garinsu Bernd, kuma shi ma a bakin mahaƙa ya fara aiki yana yaro. Sander ya ɗauri aniyar ɗaukar hoton al'ummar Jamus gaba ɗaya, sana'a-sana'a: manomi, mai gasa burodi riƙe da kwanonsa, lebura da bulo a kafaɗa, lauya, maroƙi, makaho. Kowa ya tsaya gaba da gaba, da kayan aikinsa, a ba shi girma daidai da na kowa. A 1929 ya fitar da sittin daga ciki a littafi. A 1936 'yan Nazi suka ƙwace littafin suka lalata faranten buga shi, domin fuskokin da ke ciki sun ƙaryata hoton Bajamushen da suke tallatawa. Ɗansa Erich ya mutu a kurkukunsu a 1944. A zamaninsa akwai Karl Blossfeldt, wanda ya riƙa ɗaukar tohon tsiro yana faɗaɗa shi har ya koma kamar ƙirar maƙeri, da Albert Renger-Patzsch mai hoton injina da kayan masana'anta. Abin da iyalan Becher suka yi shi ne suka ɗauki tsarin Sander suka juya shi kan gine-gine. Tankin ruwansu hoton fasfo ne na tanki.

Tabon kuwa na mulkin Hitler ne. Gwamnatin da ta rufe makarantar fasaha ta Bauhaus a 1933, ta tara ayyukan masu fasahar zamani a Munich a 1937 don a yi musu dariya, ita ce kuma ta ƙware wajen amfani da kyamara: a ɗauki shugaba daga ƙasa ya zama ƙato, a sa hadari a bayansa, a jera dubban mutane su zama ado. Wanda ya tashi cikin kangon da wannan ya bari yana da dalilin zargin duk hoton da ke neman motsa masa zuciya da ƙarfi. Wannan fassarata ce, kuma ba ni kaɗai ke yin ta ba: tsayawa daidai da tsakiyar abu, ba a ɗaga shi ba a ƙasƙantar da shi, wani irin ladabi ne da aka koya da tsada. A shekarun 1950 abin da ake yayi a Jamus shi ne salon Otto Steinert, mai cewa hoto ya nuna abin da ke ran mai ɗaukarsa, da inuwa mai kauri da wasa da haske. Su Becher sun bi kishiyar hanya, aka daɗe ana yi musu kallon masu tara bayanan injiniya.

A 1976 makarantar fasaha ta Düsseldorf ta naɗa Bernd farfesan ɗaukar hoto, ya riƙe kujerar har 1996. Sunansa ne a takarda, amma ɗaliban sun sani malamai biyu gare su, don yawancin duba aiki da Hilla ake yin sa. Ka kuma lura da wace makaranta ce. Nan ne fitaccen mai fasaha Joseph Beuys ya koyar har aka kore shi a 1972 saboda ya dage sai an karɓi ɗaliban da aka ƙi ɗauka. Nan Gerhard Richter ya koyar da zane, mutumin da ke zana hoton kyamara da fenti sannan ya goge shi ya dusashe. Ɗalibin kyamara a wannan gidan da masu fenti yake gogayya, ba da 'yan jarida ba. Ka riƙe wannan, zai yi mana amfani wajen maganar kuɗi.

Ɗaliban sun ɗauki tarbiyyar, amma albasa ba ta yi halin ruwa ba. Kusan dukansu sun koma launi, sun kuma koma girma. Candida Höfer ta fara da hoton Turkawan da suka zo aiki Jamus a shekarun 1970, daga baya ta koma ɗakunan karatu da gidajen wasa, ba kowa a ciki sai kujeru da haske. Thomas Struth, wanda ya fara da zane a hannun Richter, yakan kafa kyamara a tsakiyar titi da asuba kafin mutane su fito. Daga 1989 ya shiga gidajen tarihi irin su Louvre yana ɗaukar mutane suna kallon zane, ka tsaya kana kallon masu kallo. Shi ne ya ɗauki Sarauniya Elizabeth da mijinta a fadar Windsor a 2011.

Thomas Ruff kuwa, ƙanena, abokin sana'arka ne. Ya zaunar da abokan karatunsa ɗaya bayan ɗaya, haske daidai ta ko'ina, fuska ba yabo ba fallasa, kamar wanda ya zo neman biza. Daga 1986 ya fara wanke su da tsayin da ya haura mita biyu. Abin da kake yi kullum ka ba mutum guda huɗu a ambulan, shi ne ya rataya a bango ya fi ƙofa tsayi. Da girman ya kai haka, sai ka ga kowane ƙurji, kowane gashin gira, amma ba ka san komai game da mutumin ba. Abin da yake son ka gane ke nan, cewa kyamara fata take kamawa, ba hali ba. Daga baya ma ya ajiye kyamarar, ya sayi fim ɗin taurari daga wata cibiyar binciken sararin sama ta Turai da ke Chile ya wanke, sannan ya koma kwaso ƙananan hotuna daga intanet yana faɗaɗa su har su farfashe.

Gursky, an haife shi a 1955 a Leipzig, ɗan gado ne, ubansa da kakansa duk masu hoton kasuwanci ne. Ya fara karatu a Essen, a makarantar da Steinert ya koyar, sannan ya zauna hannun su Becher daga 1981 zuwa 1987. Dabarar da ya fito da ita ita ce ya ɗauki jerin nan na malamansa ya cusa shi cikin hoto guda. Dubi wanda ya yi a 1993 na wani dogon benen haya a unguwar Montparnasse ta Paris. Faɗinsa ya haura mita huɗu, ya haɗa ɗauka biyu ya ɗinke su a kwamfuta don bene ya miƙe ba karkata. Daga nesa gidan dara ne. Ka matso, kowace taga da labulenta, da fitilarta, da tukunyar furenta, ɗaruruwan rayuwa cikin akwati iri ɗaya. Haka ya yi da kantin kayan araha a Los Angeles a 1999, da kasuwannin hada-hadar kuɗi na Chicago da Kuwait, da mata masu saƙar kujerun kaba a Vietnam, da taron dubban 'yan rawa a Koriya ta Arewa. Rhein II shi ne inda ya kai wannan hanyar ƙarshenta, ya cire komai ya bar layukan kawai. Wanda ya san sauran ayyukansa zai ji shi kamar shirun da ke biyo bayan hayaniyar kasuwa.

Sai kuɗin. Nan ba wani sirri. Na ɗaya, kwafi shida kawai aka wanke, kuma an yi alkawarin ba za a ƙara ba. Na biyu, da dama daga cikinsu sun riga sun shiga manyan gidajen adana fasaha, ciki har da Tate a Landan da MoMA a New York, su kuwa irin waɗannan gidajen in abu ya shiga da wuya ya sake fitowa kasuwa. Na uku, girman da yadda ake manna hoton a bayan gilashin roba mai sheƙi, aikin da wani kamfanin wanke hoto na Düsseldorf mai suna Grieger ya ƙware a kai, sun sa hoto ya iya cika bangon da dā sai zanen fenti ke cikawa. Da ya hau bangon masu fenti sai ya shiga kasuwarsu, ya fara cin farashinsu. Na huɗu, gwanjo attajirai biyu kawai yake buƙata waɗanda kowannensu ya ƙi janyewa. Ka kuma sani ba Gursky ne ya kai shi gwanjon ba, wani Bajamushe ne mai tara kayan fasaha da ya saya tun da farko. Kambun hoto mafi tsada ma bai daɗe a kansa har abada ba: a Mayun 2022 wani hoton Man Ray na 1924 ya tashi a kan dala miliyan 12.4.

Don haka in ka tambaye ni ko hoton ya kai dala miliyan huɗu, sai in ce wannan lissafin ƙarancin kaya ne da takarar masu hali, irin wanda ke sa ragon layya ɗaya ya yi kuɗin mota. Bai auna kyan hoton ba, bai kuma rage shi ba. Ni kaina ban ɗauki Rhein II a matsayin mafi kyawun aikin Gursky ba, na Montparnasse ya fi shi nisa. Kuma da za a ce in zaɓi abin da zan rataya a ɗakina, tankunan su Becher tara zan ɗauka in bar kogin.

Zarginka ma bai faɗi ƙasa banza ba, don masu sukar wannan makarantar suna da hujja. Gursky yakan hau sama ya ɗauko mutane kamar tururuwa, ba fuskar da za ka riƙe. Hoton da ake cewa yana tona asirin duniyar kuɗi, ƙarshensa bangon banki da falon attajiri. Kuma bayan nasararsu an sami ɗaruruwan masu kwaikwayo da suka ɗauka in ka wanke hoton filin ajiye motoci da faɗin mita uku ka zama gwani. A Jamus ɗin ma ba kowa ya bi su ba. Wolfgang Tillmans, haifaffen Remscheid a 1968, hoton abokansa yake ɗauka, da tufafi a kan kujera, da 'ya'yan itace a bakin taga, ya manna su a bango da salatif, manya da ƙanana a cakuɗe. A 2000 ya ci kyautar Turner ta Birtaniya, shi ne mai kyamara na farko da ya ci ta, kuma na farko da ba ɗan ƙasar ba.

Tsarin jerawar kuma ba mallakin Jamusawa ba ne. J.D. 'Okhai Ojeikere, ɗan Najeriya da ya rasu a 2014, tun 1968 ya fara ɗaukar kitson mata, yawanci daga ƙeya, baƙi da fari, bango fes, har ya tara kusan dubu. Ba ɗalibinsu ba ne, matsala iri ɗaya ce ta kai shi ga magani iri ɗaya: abu ne da hannu ke ginawa, ba a san sunan mai ginin ba, kuma yana ɓacewa. A 2007 aka rataya aikinsa a documenta, babban nunin da ake yi a Kassel duk shekara biyar, masu sharhi kuma suka yi ta haɗa sunansa da na su Becher.

Ni ma da na dawo gida na ce sai na gwada, da rumbunan ƙauyukan da ke kusa da mu. Fitar farko da bazara na yi ta, da hantsi, na dawo da shirme: inuwar jinka ta haɗiye wuyan kowane rumbu, sama ta ƙone fari a wani hoton ta yi shuɗi a wani. Ga yara sun yi sahu a gaba kowa na gyara riga. Wani dattijo ya tambaye ni, cikin ladabi, ko rumbun ne zai yi tafiya da ake masa fasfo. Sai da hunturu ya shigo na gane muna da namu gajimaren, wato hazo. Ranar da ya sauka sosai, inuwa takan ɓace, sama ta zama farin labule, daidai abin da su Becher ke zaman jira. Na sami goma sha biyu, na jera a tabarma. Nan ma na ga kuskurena, don a wasu na tsaya a ƙasa, a wasu na hau kan amalanke, sai jerin ya ƙi zama, ido yana ta tuntuɓe. Guda bakwai ne suka yi daidai. Amma a cikin bakwai ɗin nan na ga abin da na yi shekaru ina wucewa ban gani ba: yadda duwatsun da ake ɗora rumbu a kai don tsare shi daga damshi da gara suka bambanta daga gari zuwa gari, yadda na ƙasa ke da ciki kamar tulu na zana kuwa ya miƙe, da yadda za ka gane hannun magini ɗaya a rumbu uku.

Kai ma kana da kayan gwajin a shagonka, ka ma fi ni, don haskenka da labulenka da kujerarka ba sa canzawa. Zaɓi sana'a ɗaya a unguwarku, masu shayi ko teloli ko 'yan acaɓa. Nemi izinin kowa, ka gaya masa abin da za ka yi da hoton. Sa alama da alli a ƙasa inda ƙafafun kyamara za su zauna, ka auna tsayinta ka rubuta, kada ka taɓa zum. Kowa ya zo da kayan aikinsa, ya dubi kyamara, kada ka ce ya yi murmushi kada ka hana shi. In sun kai tara, kada ka duba su a waya. Wanke su girma ɗaya, ka jera uku-uku a bango da tazarar yatsa biyu tsakaninsu, ka ja kujera ka zauna.